WA YA KAƊA ZAREN RAWANI?

 Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa zuwa Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, ba mu da watan hutu a nan. Da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir da albasa. Wanda ya bi hanyar Zariya da sassafe zai ga mata sunkuye cikin laka suna dashe, waɗansu suna tsinkar tumatir ana ɗaukar kwanduna zuwa Kwanar Gafan, waɗansu kuwa suna cikin gidajen Kura suna turara shinkafa. A kan irin waɗannan mata mu ke so mu yi magana a wannan wata, da wurin da mu ke ba su cikin ekklesiya. Maganar ba ta da daɗin faɗi gare mu, gama da laifinmu za mu fara.

ABIN DA YA SAME MU

Akwai wata ƙaramar ekklesiya a wani ƙauye kudu da Bunkure, tana cikin guda huɗu da aka danƙa mana. Ba su da mai bishara zaunanne. Mu kan je sau ɗaya a wata domin Jibin Ubangiji. Sauran Lahadi uku fa, wa ke riƙe da su? Wata tsohuwa ce, gwauruwa, wadda ta koyi karatu da girmanta a ajin mata. Ita ke share ɗakin sujada, ita ke buga ƙarfe, ita ke gaida marasa lafiya. In mace ta kama naƙuda ita a ke tasowa da tsakar dare. In aka saki ruwa ran Lahadi maza suka tafi ban ruwa, ita ke karanta Littafi ga wanda ya zo. Bara ta kawo mana mutum shida da ta koya wa ajin baftisma. Muka gwada su, muka iske sun fi waɗanda mu da kanmu muka koyar a gari sanin abin da su ke shiga. Da ƙwadagon dashe ta ke ci, ba a taɓa ba ta ko anini daga baiko ba.

Rufin ɗakin sujadarsu yana yoyo. Da kaka matan zumunta suka yi shawara, kowace ta riƙa kawo mudu ɗaya ko biyu daga abin da ta samu wajen sheƙa da kala, har buhuna suka taru. Aka sayar, aka danƙa wa dattawa kuɗin domin kwanon rufi. Dattawa suka zauna, muna tsakiyarsu, suka ce Pasto yana shan wuyar tafiya, a haɗa kuɗin nan da wani a saya masa babur tukuna, rufi ya jira baɗi. Muka ji daɗi, muka yi godiya, muka rufe da addu'a. Babu mace ko ɗaya a ɗakin.

Da muka fito, tsohuwar nan tana zaune gindin darbejiya. Ta gaishe mu, ta ce, "Pasto, ranar awo an san ƙofar ɗakina, ranar shawara an manta hanya." Muka ce, "Mama, ki yi haƙuri, kin dai san ekklesiyarmu ba ta naɗa mata." Ta dube mu ta ce, "Ɗana, wa ya roƙe ka naɗi? Tambaya na yi, ina shinkafarmu ta tafi?"

Muka kama hanya maganar tana cinmu. Ta tambaye mu abu ɗaya, mun amsa mata wani dabam. Mun ɗauko babbar gardamar malamai mun lulluɓe ƙaramin zalunci da ita. Wannan ya sa muka koma ga tarihin ekklesiya da muka karanta a makarantar Littafi Mai Tsarki, muka duba musamman tarihin Roman Katolika. Dalilinmu biyu ne. Na fari, shekara 1,500 da suka wuce kafin Luther ya tashi a 1517, tarihinmu ne tare da su. Na biyu, sun tsaya da ƙarfi a kan cewa ba a naɗa mace firist, har sun rubuta shi hukunci. Muka ce bari mu gani ko wannan ya hana su ba mace wuri.

Abin da muka iske shi ne, akwai abu uku da mu kan dunƙule su mu kira su naɗi: ɗibiya hannu, da ikon yanke shawara, da baiwar da Ruhu ke bayarwa. Cikin tarihi sau da yawa an raba su.

MATA MASU HIDIMA NA FARKO

A cikin Romawa 16:1, 2 Manzo Bulus ya yaba wata mace, Fibi, ta ekklesiyar Kankiriya. Kalmar Helenanci da ya kira ta da ita, ita ce wadda muka ara mu ke cewa dikon. Malamai da yawa suna ganin a hannunta wasiƙar ta isa Roma. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Romawa, Filini, mai mulkin Bitiniya, ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa yana so ya san asirin Kirista, saboda haka ya sa aka gana wa waɗansu bayi mata biyu azaba, waɗanda masu bi ke kira masu hidima. Ku lura fa, 'yan'uwa. Arne mai neman wanda ya san cikin ekklesiya, wajen mata ya nufa.

Wani littafin ƙa'idodin ekklesiya da aka rubuta a Suriya cikin ƙarni na 3 ya faɗi aikin waɗannan mata. Su ke taimakon mata ranar baftisma, su ke koya musu bayan sun fito daga ruwa, su kuma a ke aika gidajen da namiji ba shi da halin shiga. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa, ya saba ganin an rubuta ba shiga a bakin zaure, ba ya bukatar a bayyana masa wannan. A 451 babban taron bishop-bishop a Kalsidon ya sa doka, kada a ɗibiya wa mace hannu domin wannan hidima sai ta kai shekara 40. Ba a sa wa abin da babu shi doka. A 535 kuma Sarki Jastiniyan ya ƙayyade ma'aikatan babbar majami'ar Kustantiniya, watau Santambul ta yau: firistoci 60, dikon maza 100, mata masu hidima 40.

A ƙasashen yamma abin bai yi ƙarfi haka ba. Taron Oranj, a ƙasar da a ke kira Faransa yanzu, ya hana naɗa su tun 441. Da baftismar jarirai ta yawaita, bukatar mace a bakin ruwa ta ragu, sannu a hankali hidimar ta ɓace. Har wa yau malamai suna gardama ko ɗibiya hannun nan daidai ya ke da na dikon namiji ko kuwa sa albarka ne kaɗai. Amma dukansu sun yarda akwai hidimar, tana da suna, tana da doka, an kuwa san masu ita.

IKO BA TARE DA NAƊI BA

Da aka rufe wannan ƙofa, mata suka sami iko ta wata, watau gidajen masu zaman zuhudu. A Ingila wata mace, Hilda, ta shugabanci gidan Witbi, inda maza da mata ke ƙarƙashinta. A gidanta aka yi taron 664 wanda ya daidaita ranar Ista a ƙasar. Mutum biyar cikin waɗanda suka yi karatu a hannunta sun zama bishop. Ita kanta ba ta taɓa ba da Jibi ba, amma masu ba da shi ita ta rene su.

A ƙasar Sifen akwai gidan Las Huelgas, kusa da birnin Burgos, wanda aka kafa a 1187. Uwar gidan nan tana mulkin garuruwa da ƙauyuka, tana sa firistoci a majami'un ƙasarta, tana ba su izinin wa'azi. A 1210 Paparoma Innosent na 3 ya rubuta yana tsawata wa irin waɗannan shugabanni mata, gama ya ji suna wa'azi a fili, suna kuma jin furcin zunubi. Ya hana wannan, amma mulkin ya zauna a hannunsu har 1873, sa'ad da Paparoma Fiyus na 9 ya soke shi. Kusan shekara 700 ke nan firist yana karɓar takardar aiki daga hannun mace.

'YAR MARINI

Akwai kuma wadda ba ta da ko ɗaya cikin biyun nan, sai baiwa. Katarina ta Siyena, a Italiya, an haife ta a 1347. Ubanta marini ne, kamar marinan Kura. Ba ta yi makaranta ba, yawancin wasiƙunta faɗa ta ke yi ana rubutawa. A zamaninta Paparoma ya bar Roma tun 1309 yana zaune a Abinyon cikin Faransa, ekklesiya tana lalacewa. Yarinyar nan ta yi ta aika wa Giregori na 11 wasiƙu tana yi masa faɗa, a 1376 ta tafi da ƙafarta ta same shi. A farkon 1377 ya koma Roma. Ba maganarta kaɗai ta komo da shi ba, amma ta faɗi abin da manya ke jin tsoron faɗi. Ta rasu a 1380 tana da shekara 33. Sai a 1970 Paparoma Paul na 6 ya sa ta, ita da Teresa ta Abila, cikin waɗanda a ke kira Malaman Ekklesiya. Su ne mata na farko da aka ba wannan suna. Shekara 590 kafin a kira malama malama!

INDA KATOLIKA SU KE YAU

A 1976 Roma ta fitar da takarda cewa ba za a naɗa mace firist ba. A 1994 Paparoma John Paul na 2, wanda ya zo Kaduna a 1982, ya ƙara ƙulle maganar, ya ce ekklesiya ba ta da ikon yin haka. Hujjarsu ita ce, Yesu ya zaɓi maza goma sha biyu, manzanni suka bi sawunsa, ekklesiya kuwa ba ta taɓa sākewa ba. Paparoma Francis bai taɓa wannan hukunci ba. Sau biyu, a 2016 da 2020, ya sa malamai su bincika zancen mata masu hidima, ya kuwa rasu a 2025 ba a naɗa ko ɗaya ba.

Amma ku dubi abin da ya yi ta wani gefe. A 2021 ya gyara doka domin a keɓe mata su zama masu karatu da masu taimako a bagadi. A 2023 mata 54 suka jefa ƙuri'a a babban taron bishop-bishop, abin da ba a taɓa yi ba. A Janairu 2025 ya sa Sista Simona Brambilla ta shugabanci ma'aikatar da ke kula da dukan masu zaman zuhudu na duniya, maza da mata. A Maris na shekarar Sista Raffaella Petrini ta karɓi riƙon mulkin birnin Batikan. Tun kafin nan, a Fabrairu 2019, wata 'yar ƙasarmu, Sista Veronica Openibo, ta tsaya gaban Paparoma da bishop-bishop na duniya ta tsawata musu a kan ɓoye laifin firistocin da suka ɓata yara. Suka zauna suka ji.

Ba mu kawo wannan domin mu ce Katolika sun gama gyara gidansu ba. Mata da yawa cikinsu suna kukan cewa abin bai isa ba, waɗansu kuwa suna ganin ya yi yawa. Muna kuma da abubuwan da muka bambanta da su cikin koyarwa. Abin da mu ke so ku gani shi ne, ekklesiyar da ta ce ba za ta taɓa naɗa mace firist ba, ita ce ta danƙa wa mace littafin kuɗi da hatimin ofis. Mu kuwa da kalmar naɗi muka hana tsohuwa sanin inda shinkafarta ta tafi.

A ƘASARMU

Ba sai mun ƙetare teku ba. A 1948 Sistocin St. Louis suka zo Kano daga Ailan, suka buɗe makarantu, 'ya'yan Kirista da na Musulmi suka yi karatu a hannunsu. Ta wajenmu kuma, wa ya manta da Mary Slessor ta ƙasar Kalaba, wadda ta rasu a 1915, ko Johanna Veenstra ta Lupwe kusa da Takum, wadda ta rasu a 1933? Sun yi wa'azi, sun sasanta gardama, sun koyar da mazan da suka zama shugabannin ekklesiya. Kakanninmu cikin bangaskiya sun zauna a ƙasa sun ji Maganar Allah daga bakin Baturiya. In an ce 'yar ƙauyenmu ta yi rabin wannan, sai mu ce ta fi ƙarfin wurinta. Ashe fatar jiki mu ke girmamawa?

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da abin koya mana. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu wajen 1864, ta ga matan ƙauye ba su da mai koya musu. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali, ta kira kowace jaji, ta sa mata malfa a ka, ta aike ta. Jaji ta kan kawo matan garinsu wurin Nana, ta kuma koma musu da karatu. Su ne 'Yan Taru. Nana ba ta nemi limanci ba, amma ta gane mai aiki yana bukatar suna da alama, domin jama'a su san an aiko shi.

Mutanen Kura sun yi suna wajen rini tun kaka da kakanni. Rawanin nan mai ƙyalli da a ke kira ɗan Kura, har ƙasar Buzaye an san shi. Amma kafin masaƙi ya saƙa, marini ya rina, mabugi ya buga, wata mace ce ta zauna da mazari ta kaɗa zaren. Ran naɗin sarauta mai rawani a ke yi wa kirari, ba mai tambayar wa ya kaɗa zare. Haka ekklesiyoyinmu su ke. Ku ƙirga masu zuwa addu'ar safe, ku ƙirga masu zuwa gaisuwar mutuwa, ku duba wa ke ciyad da baƙi ran taro, sa'an nan ku leƙa ɗakin shawara.

TO, ME ZA A CE MANA?

Wani zai ce, ai Bulus ya hana. Gaskiya ne akwai 1 Korintiyawa 14:34, 35 da 1 Timoti 2:11, 12, ba kuwa za mu tsallake su ba, gama Maganar Allah ce. Amma Bulus ɗin nan, cikin wasiƙa guda, a 1 Korintiyawa 11:5, ya nuna yadda mace za ta shirya kanta in za ta yi addu'a ko annabci. Biriskilla da mijinta Akila suka gyara wa Afolos koyarwa, Ayyukan Manzanni 18:26. Filibus yana da 'ya'ya mata huɗu masu annabci, 21:9. Da Sarki Yosiya ya rasa ma'anar littafin da aka tsinta cikin haikali, wurin Hulda ya aiki babban firist, 2 Sarakuna 22. Wadda Ubangiji ya fara aika da labarin tashinsa, Maryamu Magadaliya ce, Yohanna 20. Saboda haka shirun da Bulus ke nufi ba na kowane lokaci ba ne, mu ma ba haka mu ke yi ba, gama matanmu suna waƙa, suna ba da shaida, suna koyar da yara. Masu tsoron Allah sun rabu a kan ko ayoyin nan sun hana mace aikin Pasto. Ekklesiyar Firesbiteriya ta Nijeriya ta naɗa mace ta fari a 1982. Angilikan ta Ingila ta fara a 1994, ta Nijeriya kuwa ba ta yarda ba. Amma mun duba ayoyin nan gaba da baya, ba mu ga inda aka ce a kashe kuɗin mata ba da saninsu ba.

Wani zai ce, in an buɗe kaɗan ba a san inda zai tsaya ba. Mu manoman rani mun san amsar wannan. Ba a hana gona ruwa don tsoron ambaliya. A kan gyara kunya, a saki ruwa daidai bukata, a tsaya a kai. Wanda ya toshe hanya sarai, shukarsa ta ƙone, ruwan kuwa sai ya fasa ta inda bai so ba. 'Yan matanmu da suka yi karatu a Kano da Zariya, muka ƙi ba su abin yi, ina su ke sujada yau?

Wani zai ce, matan ba su nema ba. Mu muka koya musu cewa kunya ita ce yin shiru, sa'an nan mu ɗauki shirunsu mu ce yarda ce. Cikin shekarun 1970 matan da ke tsinkar kayan lambu a wata babbar gonar kamfani nan Kadawa sun taɓa ajiye aiki saboda ƙarancin lada. Matan ƙasar nan sun san hakkinsu. In sun yi shiru a ekklesiya, domin girman Ubangiji ne, kada mu ci amanar wannan.

Akwai kuma wani laifi namu na Pastoci. Mun mai da naɗi sarauta. Muna son kujerar gaba da kwanon nama da a durƙusa mana. Muddin naɗi rawani ne, dole a yi kishi a kansa, mai shi ya riƙe, marar shi ya yi haƙo. Ubangiji kuwa ya faɗa a Markus 10:42-45 cewa girma cikin mutanensa na mai yi wa sauran barantaka ne. In da wannan ma'auni za a auna ƙauyen nan na kudu da Bunkure, mun san wadda ta fi girma, ba kuwa mai babur ba ne.

ABIN DA YA WAJABA YANZU

Zancen naɗa mace Pasto na babban taron ekklesiya ne, Pasto ɗaya ba ya yanke shi a jarida. Roƙonmu kaɗai, ran da za a zauna a kansa, kada a zauna kamar yadda muka zauna a kan kuɗin rufi. A kira mata masu sanin Littafi su shigo, a ji bakinsu. Amma akwai abu huɗu da ba su jiran wannan taro.

Na ɗaya, duk zaman da za a taɓa kuɗi, ko za a yi wa mace horo, mata biyu da zumunta ta zaɓa su zauna ciki, su yi magana, a ƙirga ra'ayinsu. Abin kunya ne yarinya ta tsaya ita kaɗai gaban maza shida ana tambayarta yadda ta yi ciki.

Na biyu, mu komo da hidimar Fibi. Macen da ekklesiya ta shaida halinta, a tsai da ita gaban jama'a, a yi mata addu'a, a ɗibiya mata hannu, a rubuta aikinta: ajin baftisma, da gaida marasa lafiya, da shiga gidajen da Pasto ba ya shiga. A kuma ba ta rabonta daga baiko. In mun ci gaba da cin aikinta a ɓoye, muna hana ta suna a fili, mun zama abin da Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na uku, a aika mata makarantar Littafi Mai Tsarki domin baiwarsu. Yanzu yawancin waɗanda ke zuwa, miji suka bi. Gwauruwa mai baiwa da budurwa mai ƙwazo su ma ekklesiya ta biya musu.

Na huɗu, mai bi da ya ɗauki mata ƙwadagon dashe ko tsinka ya biya su ran nan, da ma'aunin da zai biya namiji a kan aiki guda. Ku karanta Yaƙub 5:4 ku ga ko Allah yana jin kukan ladan da aka danne. Dattijon da ke cutar mata a gona ran Asabar ba zai yi musu adalci a ɗakin shawara ran Lahadi ba.

Da wata ya kewayo muka koma ƙauyen nan, muka tara dattawa, muka ce mun yi kuskure, mu ne kuwa a gaba cikin kuskuren. Wani dattijo ya ce, "Pasto, yau mata za su koya mana riƙon ekklesiya?" Muka ce, "Baba, wa ya riƙe ta Lahadi ukun da ba mu nan?" Bai amsa ba, ya kuma yi wata biyu bai zo zama ba. Babur yana hannunmu, gama aikin yana bukatarsa, amma mun ɗauki kuɗin matan bashi a kanmu. Da muka yanke alkama mun biya rabi, an rufe gefen da mata ke zama. Ɗaya gefen yana yoyo har yanzu, a ƙarƙashinsa mu ke tsayawa wa'azi.

Ran da tsohuwar ta fara shiga zaman dattawa, ita da wata, ba ta ce kome ba sai da aka kusa tashi. Sa'an nan ta ce wa ma'aji, "Malam, a sāke karanta mana lissafin nan, a hankali, domin in kai wa mata." Aka sāke karantawa.

Ya ɗan'uwa Pasto, ya dattijo, akwai irin wannan mace a ekklesiyarku, kun kuwa san sunanta. Ku karanta wannan takarda a zamanku na gaba, ku tambayi juna ina ta ke zaune sa'ad da ku ke shawara. Ubangiji ya ba mu tawali'u mu gyara tun da sauran rana. Amin.